Alkyabba Mai Taƙi Ɗaya

Ni tela ne a Zangon Damagaram,
shekara talatin ina taka keke.
Na ɗinka wa ango, na ɗinka wa gawa,
ban taɓa auna kafaɗar itace ba
sai ran da Milagros ta shigo rumfata.

Ungozoma ce, 'yar ƙasar Filifin,
matan Garin Malam na ce mata Mila.
Ta kwance ɗankwali a kan teburina:
wani yaro na icce, taƙi ɗaya tsayinsa,
fentin kumatunsa duk ya koɗe,
hannu guda ya ɗaga yatsu biyu,
ɗayan na riƙe da ƙwallo kamar kurna.

"Alkyabba nake so, ja, da zaren zinariya.
Tasa asu ya cinye a akwati."

Na ce a raina, a'uzu billahi,
ni da nake sahun gaba kullum?
Sai dai ita ce ta karɓi haihuwar Zuwairata
daren da jini ya ƙi tsayawa.
Ta kwana tsaye, leɓenta na motsi,
carbi mai gicciye na lilo a wuyanta.
A garin da ake bin famfo da tsakar dare,
wanda ya miƙo maka ruwa
ba ka tsayawa duba launin tulunsa.
Na ɗauko almakashi.

Ina yanka, tana kan benci tana labari.
Wai a ƙasarsu, in ranar ta zo,
titi kan cika, ba masakar tsinke.
Maza ba takalmi suna jan igiya,
mata na rawa, taku biyu gaba, ɗaya baya,
ana jefa fararen ƙyallaye sama,
a shafo albarka, a jefo wa mai shi.
Na ce, "A nan fa?"
Ta yi dariya har ta share ido:
"Mu tara ne, in direban Fada bai yi tafiya ba."

Sai a kwana na uku ta faɗi sunan.
Crisanto. Ɗanta. Yana aikin jirgin ruwa.
Wata huɗu ke nan wayarsa shiru.
Kwana tara take jera roƙo,
in ta kai tara, ta koma ɗaya,
kamar mai sakar da ake warware wa zare.
Ni ban taɓa ganin teku ba,
iyakata tafki bayan damina,
amma na san zaman jiran sallama.

Ran Lahadi na kai ɗinkin da kaina,
na tsaya a bakin ƙofar mishan, ban shiga ba.
Tara ɗin ne: masera biyu, kafinta ɗan Benin,
wata tsohuwa da jikanta, sauran ban sani ba.
Sun sa kyandir cikin yankakkun gorunan roba
don kada iska ta yi musu ɓarna.
Daga gindin dogonyaro zuwa busasshen famfo,
daga famfo a dawo, sau uku.
Mila a gaba, ba takalmi, kan tsakuwa,
ta ɗaga yaron sama da kanta,
taku biyu gaba, ɗaya baya,
zaren da na sa yana kama ragowar rana.
Kalmasar gefen hagu ta ɗan karkace,
ni kaɗai na gani.

Ladan ya ɗaga murya daga bayan duwatsu.
Suka sassauta waƙarsu har ya sauke.
Na juya neman buta.

Bayan sallama, hannuwana a sama,
na lissafa nawa, rayayyu da matattu,
sai ga wani suna ya shigo layi,
harshena na tuntuɓe a kansa:
Ki-ri-san-to.
Na ce, Ya Rabbi, Kai ka san inda yake.

Ragowar jan ƙyallen na nan cikin gwangwani.
Jiya ta wuce bisa kabu-kabu,
ta ɗago mini hannu.
Na duba fuskarta in karanta labari,
mai babur ya sha kwana.